Neman Fakara a Bazara

A shekarar da ciwo ya kwantar da mahaifina, na rufe shagon ɗinkina da ke Kano na koma ƙauyenmu, can bayan Minjibir, don in taya Inna jinya. Ɓarin jikinsa na hagu ne ya shanye. Bakinsa ya ɗan karkace, amma magana tana fita idan ka matso kusa. Abin da ya fi damunmu shi ne cin abinci. Inna ta dama kunu, ta yi fate, ta sa an yanka kaza, duk sai ya ɗan taɓa ya kawar da kai. Kullum ƙara ramewa yake yi muna kallo.

Wata rana da hantsi ina shafa masa man zafi a ƙafa, sai ya ce da ni, "Ka san abin da raina yake so? Romon fakara."

Ranar kasuwa na hau mota na je Minjibir, na zaga wajen masu kaji kaf. Ga zabi, ga tattabaru, ga agwagi, amma babu fakara. Wani dattijo mai sayar da zabi ya dube ni ya ce rabonsa da ganin an kawo ta kasuwa har ya manta.

Mahaifina manomi ne, amma da zarar an kai amfani gida sai ya koma farauta. Yana da abokin tafiya guda ɗaya tun suna samari, wanda mu 'ya'yan gidan muke kira Baban Ƙetare saboda gidansa yana tsallaken rafi. Mutanen unguwarsu a da addinin gargajiya suke yi, daga baya yawancinsu suka zama Kirista, har da shi. Shi ke da karnuka, mahaifina ke da bindiga da wuƙa. Duk abin da suka kama mahaifina ne yake yankawa, don gidajen biyu su ci. Ni kuwa ban bi su sosai ba ina yaro, an kai ni koyon ɗinki da wuri.

Tun da ciwon ya fara, Baban Ƙetare ba ya daɗewa bai zo dubiya ba, a kan tsohon kekensa. Da ya zo a wannan makon Inna ta gaya masa maganar fakara. Ya yi dariya ya leƙa fuskar mahaifina.

"Mutumina, a wannan zafin? Ka rasa abin da za ka yi sha'awa sai wadda ta fi kowa wayo?"

Mahaifina ya yi murmushi da rabin bakinsa. Baban Ƙetare ya juyo gare ni ya ce, "Tela, gobe ka nemi takalmi mai ƙwari. Wannan na ƙafarka na zuwa biki ne."

Kafin mu shiga ko'ina sai da muka biya gidan mai unguwa. Zamanin ya canza, ba a ganin mutum da bindiga a bayan gari a ƙyale shi. Mai unguwa ya san bindigar mahaifina, ƙirar maƙeran ƙauye ce, mai ɗurin albarushi ta baki. Ya ce zai shaida wa 'yan sintiri, ya yi wa mahaifina addu'ar samun sauƙi, muka wuce. Karnuka biyu ne tare da mu, wata tsohuwar ja mai hankali, da wani baƙi ɗanta wanda ƙarfi ya yi masa yawa.

Ni a zatona daji za mu shiga. Muka yi ta tafiya, rana tana ɗagawa, ban ga daji ba. Gona ce take bin gona, iyaka sai ɗan layin gamba ko shingen aguwa. An riga an yi shara, an kwashe kara, ƙasa fetal, sai tulin taki nan da can da amalanken shanu suka zubar. Ka wuce wannan gida, kafin ya ɓace a bayanka wani ya bayyana a gabanka. Baban Ƙetare yana tafe yana nuna mini da ƙerensa, wato sandar jifa mai lanƙwasasshen kai da ba ya rabuwa da ita.

"Nan duk sabara ce a da, ta fi tsayinka. Can inda masallacin nan yake, mun taɓa tayar da gada ni da ubanka."

Ko an ga abin harbi ma, ina za a harba? Ta wannan gefen mata ne suna tsintar itace, ta wancan gefen awaki ne a ƙarƙashin gawo suna jiran 'ya'yansa su faɗo. Wajen azahar muka hango garken zabi suna kiwo a gindin wata ɗorawa, nesa da gidaje. Na ɗaga bindiga. Ya sa hannu ya danne bakinta ƙasa.

"Na gida ne. Ba ka ga tsumman da aka ɗaura wa waccan a fiffike ba? Ka harbe su mu kwana a gaban dagaci."

Muka dawo hannu wayam. Ƙarangiya ta cika mini wando, tushiyar dawa ta huda mini takalmi, tafin ƙafata duk ya yi ruwa. Na zauna a bakin ɗakin mahaifina ina cire ƙaya, ina jin kunyar ɗaga kai. Shi kuwa ko maganar fakarar bai yi ba. Tambaya ya shiga yi: ta ina muka bi, tsamiyar bakin hanya tana nan, wa yake noma gonar da ke bayan maƙabarta yanzu. Na lura idonsa ya washe. Daga nan ya ce mu gwada kufan da ke gabas, ta hanyar Zakirai, inda mutane suka tashi tun da daɗewa aka bar kukoki da ciyawa.

Da muka sake fita can muka nufa. Kufan yana nan, amma wani ya riga ya nome rabinsa, sauran kuma shanun makiyaya sun kwana a ciki sun tattake komai. Baban Ƙetare ya tsaya yana duban kashin shanun, ya yi tsaki mai tsawo. Muna shirin juyawa sai jar karyar ta tsaya cak a gaban wani kurmin kalgo, wutsiyarta ta miƙe. Zomo ya fito kamar an harbo shi. Baban Ƙetare ya wurga ƙere ya kuskure, baƙin karen ya bi shi. Ni ma na bi su da gudu, wuƙar mahaifina a hannuna, ina tsallake tsofaffin kunyoyin gona, tsohon yana ihu a bayana.

"Yi sauri, ɗana! Kada ya ƙarasa shi!"

Ban taɓa sanin numfashina gajere ba ne sai ranar. Kafin in isa karen ya riga ya karya wuyan zomon, ya ajiye shi yana haki yana kallona, jira yake a yaba masa. Na taɓa zomon, babu sauran motsi. A wurinmu ya zama mushe ke nan.

Baban Ƙetare ya iso yana ɗingishi, don gwiwarsa ta dama ta daɗe tana damunsa. Ya duba zomon, ya duba karen, ya zauna a ƙasa dirshan. Ya fi ni jin haushi nesa ba kusa ba.

"Da ubanka ne, kafin karen ya rufe baki yana kansa. Ni ma da ƙafata ce ta da, da na ƙwace shi da rai. Dubi ƙibarsa! Ko ba fakara ba ce, ai da ya sha romo."

Na ce ya kai wa jikokinsa, kada a yi asara biyu. Ya sa shi a buhu. A hanyar dawowa ruwan jarkarmu ya ƙare, wanda ya rage a ƙasanta ma ya yi zafi kamar na shayi, shi muka zuba wa karnuka a tafin hannu. Ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Muka fake a inuwar wata tsamiya har rana ta karya.

Bayan wannan mun sake fita ba sau ɗaya ba. Wata rana ba mu ga ko kurege ba. Wata rana muka ji kukan fakaru da sassafe daga can gaba, muka lallaɓa, muna dab da isa wani mai babur ya ratso ta hanyar gona da buhunan taki, suka tashi muna kallo. Wata ranar kuma jar karyar ta sa ƙafa a tarkon waya da wani ya ɗana a bakin shinge, wayar ta yanke ta har jini. Baban Ƙetare ya kwance ta yana zagin mai tarkon da duk irin zagin da ya sani, sannan ya saɓe ta a kafaɗa kamar akuya. Na karɓe shi a hanya. Nauyinta da warinta da ɗumin jininta a wuyana har yau ina iya tunawa.

A ranar na ce masa, "Baba, mu haƙura haka. Kai ba ƙafa, karya ba ƙafa. Sai a yanka masa zabo a ce fakara ce."

Ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa. "Ubanka za ka ba wa zabo ka ce fakara ce? Ɓarin jikinsa ne ya mutu, harshensa yana nan."

Ba tare da tsohuwar karyar ba, baƙin ya zama ba mai tsawata masa. Fitar da muka yi ta gaba muka gangara fadama, inda masu lambu suke noman rani. Can ne kawai ake ganin kore a duk yankin: albasa, tumatir, ɗan latas, injin ban ruwa yana ta ƙara a bakin rijiya. Wani kurege ya gifta, karen ya ɓalle. Muna kira, muna fito, ko a jikinsa. Ya faɗa cikin lambun wani mutum, ya bi ta kan fangalin albasa da aka gama shayarwa, ya fasa bakin fangali ya kwantar da shuka, kuregen kuma ya shige rami ya bar shi yana tono.

Mai lambun ya taso da fartanya a hannu. Mutum ne gajere kakkaura, wandonsa a naɗe har gwiwa, ba mu san shi ba. Ya yi faɗa sosai, kuma da gaskiyarsa. Ya ce shi da 'ya'yansa tun sanyi suke kan wannan albasa, mu kuma manya da mu mun rasa aikin yi sai yawo da kare. Baban Ƙetare bai musa masa ko ɗaya ba. Ya ɗaure karen a jikin bishiya, ya ajiye ƙere, ya tuɓe takalmi ya shiga cikin laka.

"Malam, ba ni fartanyar. Mu muka ɓata, mu za mu gyara."

Ni ma na jingine bindiga na shiga. Muka ɗaga bakin fangalin da ya fashe, muka bi albasar da ta kwanta muna tayarwa muna danne gindinta da yatsa. Mai lambun ya tsaya a kanmu yana huci, can sai ya ga yadda tsohon yake cije leɓe duk lokacin da zai durƙusa. Ya ce, "Baba, fito haka, ya isa." Ya kawo mana ruwa mai sanyi daga randar da ya binne a gindin mangwaro, ya tsinko tumatir ya ba mu muka ci da gishiri. Sai a lokacin ya tambayi abin da muke nema. Na gaya masa labarin mahaifina.

Ya ce shi ma mahaifiyarsa irin wannan ciwon ne ya yi ajalinta. Ya nuna ƙarshen lambun, inda ruwan da ya tsere daga tiyo yake taruwa kusa da wani shingen ƙaya.

"Fakaru kam ga su nan, sun ishe ni. Kullum da sassafe sai sun sauko shan ruwa, su tone mini iri. Ku zo gobe kafin rana ta fito. Amma don Allah ku bar karen nan a gida."

Da na idar da sallar asuba na iske Baban Ƙetare yana jirana a bakin rafi. Muka je muka kwanta a bayan shingen, a kan ƙasa mai danshi, sauro yana cin rabonsa. Na ɗura bindigar tun a gida yadda mahaifina ya kwatanta mini. Gari ya fara haske, sai ga su sun fito daga cikin ciyawa ɗaya bayan ɗaya, suna tafiya suna tsayawa, suna miƙa wuya. Ban taɓa ganinsu kusa haka ba. Bayansu babu mutum, babu dabba, sai gangaren rafi. Na saita, na yi bisimilla, na ja kunama.

Ƙyas kawai na ji. Bindigar ba ta tashi ba. Ko albarushin ne ya daɗe a ajiye, ko raɓar da muka kwanta a kai ce ta shige shi, ban sani ba. Wannan 'yar ƙarar ta ishe su. Suka tashi gaba ɗaya da ƙarar fiffike, raina ya ce shi ke nan kuma.

Ban ga lokacin da tsohon ya miƙe a kan gwiwarsa mai ciwo ba. Na dai ji wucewar ƙeren ta saman kaina. Ya shiga tsakiyarsu yana juyawa, gashi ya tashi, guda ɗaya ta faɗo tana birgima ta nufi cikin ƙaya. Ya yi tsalle ya faɗa kanta da ƙirji, hannunsa cikin ƙayar.

"Wuƙa! Tela, wuƙa! Tana da rai!"

Na zaro wuƙar. Ya riƙe mini fakarar, ya juya ta gabas da kansa, kamar yadda ya saba riƙe wa mahaifina. Na ambaci sunan Allah na yanka. Jinin ya zubo da ɗuminsa, ta yi shure-shure ta tsaya. Muka zauna a cikin laka muna kallon juna. Hannunsa duk ƙaya, gwiwar kuma ta ƙi miƙewa, amma dariya yake yi har da hawaye. Ya ce rabonsa da samun tsuntsu a sama da ƙere tun kafin a haife ni, kuma kada in gaya wa kowa cewa sa'a ce.

Mai lambun ya iso ya same mu a haka. Ya taya ni cire wa tsohon ƙaya, ya cika mana leda da albasa da tumatir ya ce a sa a romon. Da ya ga Baban Ƙetare ba zai iya takawa ba, ya tayar da babur ɗinsa ya kai shi har ƙofar gidanmu. Ni na biyo su a ƙasa da bindiga da fakara.

Fakarar ba ta da wani girma, da aka fige ta ma sai ta ƙara ƙanƙancewa. Inna ta dafa ta da citta da kanumfari da ɗan daddawa, ta bar ta a wuta har naman ya saki ƙashi. Na tallafo mahaifina ya jingina da ƙirjina, Inna tana ba shi a cokali. Ya kurɓa na farko ya riƙe a baki, ya lumshe ido. Ya karɓi na biyu, ya karɓi na uku. Bai shanye kwanon ba, amma ya sha fiye da duk abin da ya ci a makon, har ya tsotsi ɗan ƙashin cinya. Inna ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi.

Ya ce a miƙa wa abokinsa sauran. Baban Ƙetare yana zaune a tabarma an ɗaure masa gwiwa da tsumma mai ɗumi, ya ce shi ba majinyaci ba ne. Mahaifina ya ce ai ga shi nan a kwance kamar shi. Suka yi ta ja-in-ja har tsohon ya karɓa ya shanye. Daga nan ya shiga ba da labarin jifan, yana ƙara nisan wurin duk lokacin da ya maimaita, mahaifina yana cewa ƙarya yake yi, tun suna samari ma bai iya jifa ba. Rabon da a ji dariya a ɗakin nan an daɗe.

Ba zan ce romon ne ya warkar da shi ba, don bai warke ba. Amma daga ranar ya ɗan riƙa karɓar abinci, kuma Allah ya ara mana shi har damina biyu bayan haka. Idan na tuna wannan bazarar, ba wahalar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Tsohon nan nake tunawa, da ya ja ƙafarsa mai ciwo ya zaga ƙasar nan duka saboda kwaɗayin abokinsa, da mai lambun da muka yi wa ɓarna ya sallame mu da alheri. Na gode musu a lokacin, amma ina ganin godiyar ba ta kai ba.

Ba a jima ba hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwan farko mai ƙarfi da la'asar. Farauta ta ƙare ke nan sai wata shekara, kowa ya koma neman iri. 'Ya'yan Baban Ƙetare maza duk suna birni, shi kuma gwiwa ta hana shi fita. Da na gama shukar gonarmu na ɗauki sungumi na tsallaka rafi. Matarsa ta auno mini gero a ƙwarya, ta biyo ni tana zuba iri tana rufewa da ƙafa, ni ina gaba ina sara. Shi kuma ya sa aka kai masa kujera bakin gonar, ya zauna a inuwa yana ɗaga murya yana cewa layina ya karkace.